Wai wane lauya ne ma zai tsaya wa irin wannan?

Wannan tambayar ce take fara cika Facebook da guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp duk ranar da aka yi wani mummunan kisa, 'yan sanda suka fito da wanda suka kama suka zaunar dashi a ƙasa da ankwa a hannu, 'yan jarida suka kewaye shi. Kafin magariba an gama shari'a a komen. Wani yace a rataye shi gobe a Murtala Square kowa ya gani, wani yace ai ɓarnar kuɗin gwamnati ne ma kai shi kotu tunda ya amsa da bakinsa, wani kuma ya koma kan lauyoyi gaba ɗaya yace duk wanda ya saka baƙar riga ya tsaya wa wannan Allah ya tashe su tare. In kuwa tsautsayi yasa ka rubuta cewa a bari kotu tayi aikinta toh ranar sai dai ka kashe data, don har iyayenka sai an taɓo.

Ni ina cikin masu cewa a bari kotu tayi aikinta, kuma ba tausayin mai laifi ne yasa nake faɗa ba. Waɗanda aka kashe wa ɗan uwa su nake tausayawa. Hukuncin da aka yanke ta hanyar danne wanda ake tuhuma baya zama, ko ba daɗe ko ba jima sai an warware shi, in aka warware kuma masu gawa ne suke tashi a tutar babu. Mu 'yan Kaduna bai ma kamata ace sai an yi mana dogon bayani akan wannan ba don a garin nan aka yi, kuma ba sau ɗaya ba.

Amma bari in fara da Kano tunda ita mutane suka fi tunawa. Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara 5, an sace ta a Disamban 2021, a Janairun 2022 aka tono gawarta, kuma wanda aka kama shine mai makarantar bokon da take zuwa, Abdulmalik Tanko. A gaban kyamara ya faɗi yadda ya bata maganin ɓera na naira 100. Wallahi duk mai ɗa ko ƙanwa a gida yasan abinda yaji a ƙirjinsa a wannan satin. Mutane suka je suka cinna wa makarantar wuta, Ganduje da yake gwamna a lokacin yace in kotu ta yanke kisa shi zai sa hannu. Da aka zo gaban babbar kotu sai mutumin ya musanta kisan, aka kuma samar masa lauyoyi, nan fa jama'a suka sake hasala, wai raina hankali ne, wai mutum ya faɗa duniya taji sannan azo ana tambayarsa ko ya aikata.

Toh amma duba yadda ta ƙare. An kawo shaidu ɗaya bayan ɗaya, lauyoyinsa sun yi musu tambayoyi, shi ma an bashi dama ya kare kansa, ranar 28 ga Yuli 2022 Mai shari'a Usman Na'abba ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya shi da Hashimu Isyaku. Matar da aka gurfanar tare dasu kuwa shekara 2 aka bata, saboda abinda aka iya tabbatarwa a kanta kenan. Wannan wajen nake so mutane su tsaya su kalla. Da a ranar da aka yi holensu aka miƙa su ukun ga taron da ya ƙona makarantar nan, wa zai tsaya tantance wanda ya bada guba da wanda ya haƙa rami da wadda nata bai kai nan ba? Duka ukun taya ɗaya za a rataya musu. Kuma duk shari'ar nan wata shida ne kacal daga kamu zuwa hukunci, ma'ana ana iya yi da sauri ba tare da an hana kowa lauya ba in gwamnati taga dama.

Abun da yawancin mu bamu sani ba shine a dokar ƙasar nan in laifi na kisa ne ko mutum ya tsaya gaban alƙali yace eh na aikata, kotu "ban aikata ba" take rubuta masa, dole sai masu gabatar da ƙara sun kawo hujja. Kuma in bashi da lauya dole kotu ta nema masa. Ba gata ake masa ba, ƙofa ake toshewa don kar gobe a kotun ɗaukaka ƙara a samu inda za a bi a rushe komai. Misali yana nan a Kano ɗin dai, Yahaya Sharif-Aminu, kotun Musulunci ta yanke masa kisa a Agustan 2020 akan zargin ɓatanci ba tare da lauya ba, a Janairun 2021 babbar kotu ta soke hukuncin tace a sake shari'ar daga farko, dalilin da ta bayar kuwa shine rashin lauyan nan. Duk yadda kake ji akan abinda aka zarge shi dashi, lissafin ɗaya ne, gaggawar bata rage kwanakin shari'ar ba sai ma ƙara su da tayi.

Yanzu mu dawo gida. Yaran yanzu basu san rikicin Zangon Kataf na kudancin Kaduna ba sai a labari, amma a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi akwai gidajen da har gobe in aka ambaci 1992 sai kaga dattijai sun yi shiru. Rikicin ya faro ne a Fabrairu akan maganar sauya wa kasuwa matsuguni, a watan Mayu ya dawo da ƙarfi, aka kashe ɗaruruwan mutane a garin, Hausawan Zango suka rasa dangi da gidaje, wutar kuma ta tsallako Kaduna da Zariya inda aka yi ramuwar gayya akan mutanen da basu san hawa ba basu san sauka ba. Gwamnatin Babangida ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai shari'a Benedict Okadigbo, aka gurfanar da manyan ƙabilar Atyap (Katafawa) cikinsu har da Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya wanda ya taɓa gwamnan soja a Ribas. Kotu ce da aka kafa da dokar soja, alƙali yana zaune tare da jami'an tsaro a matsayin masu yanke hukunci, kuma an toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka ce ana tsangwamarsu suka janye, kotun bata tsaya ba taci gaba ba lauya, a farkon 1993 ta yanke wa Lekwot da wasu hukuncin kisa.

A wannan ɓangaren namu na gari murna aka yi, kuma ni bana ganin laifin wanda ya binne uwarsa da 'ya'yansa in yayi murna. Amma me ya biyo baya? Duniya ta taso, ƙungiyoyin lauyoyi da na coci da na kare haƙƙin bil'adama duk suka ce wannan ba shari'a bace, kuma fa suna da abun kamawa, tunda mutum ba lauya ba ɗaukaka ƙara. Gwamnati ta mayar da kisan ɗaurin shekara 5, a 1994 aka saki Lekwot, daga baya hukumar kare haƙƙin bil'adama ta nahiyar Afirka ita ma ta yanke cewa an tauye musu haƙƙin shari'ar adalci. Toh yau sama da shekara 30, je ka Sabon Tasha ko Barnawa ka tambaya za a ce maka mutumin da aka zalunta ne, dawo Kawo ka tambaya za a ce maka mai laifi ne da aka saka don manya sun sa baki. Babu wata takardar hukunci guda ɗaya da ɓangarorin biyu zasu iya ajiyewa a tsakiya suce ga abinda aka tabbatar, ga wanda ya bada umarni, ga wanda aka yi wa ƙazafi. Waɗanda aka kashe wa dangi a Zango sune suka fi kowa asara a wannan cinikin, domin maganar ta tashi daga "wa ya kashe mutanen nan" ta koma "yaya aka yi wa Janar shari'a", kuma tun daga lokacin bata sake komawa inda ta faro ba.

Na biyun kuwa kowa ya gani da idonsa, ko ba komai ya sha rufe hanya a tsakiyar gari duk ranar zaman kotu. Disamban 2015 a Zariya, 'yan Shi'a suka tare ayarin babban hafsan sojan ƙasa na lokacin Tukur Buratai, abinda ya biyo baya cikin kwana biyu zuwa uku kowa ya sani. Sakataren gwamnatin jihar nan da bakinsa ya faɗa wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya a wajen Mando. Kwamitin, wanda Mai shari'a Muhammad Lawal Garba ya jagoranta, ya ɗora wa ƙungiyar da shugabanta nasu laifin, ya kuma ce a gurfanar da sojojin da suka wuce gona da iri. Aka tsare shugaban nasu Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa Zeenat ba tare da an kai su gaban alƙali ba, a Disamban 2016 babbar kotun tarayya a Abuja tace a sake su har da diyyar naira miliyan 50, gwamnati tayi kunnen uwar shegu. Sai a 2018 aka zo aka gurfanar dasu a babbar kotun Kaduna akan tuhume-tuhume 8 ciki har da hannu a kisan wani soja. Gwamnati ta kawo shaidu 15, lauyoyinsu ƙarƙashin Femi Falana suka ce duk cikin abinda aka kawo babu abinda ya kai ace sai sun tashi sun kare kansu, ranar 28 ga Yuli 2021 Mai shari'a Gideon Kurada ya yarda da hakan ya sallame su.

Ni ba ɗan Shi'a bane, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Zariya ranar muzahara yasan haushin da mutane suke ji ba ƙirƙira bane. Amma ina tuna irin abinda muke rubutawa a shekarun nan, "su suka ja", "a bar shi a can ya ruɓe", "wace irin kotu kuma". Mutanen da in an taɓa wani malaminsu zasu kwana suna kawo sashe na 36 na kundin tsarin mulki mai magana akan haƙƙin shari'ar adalci, sune suke cewa wannan karon kar a bi umarnin kotu. A ƙarshe me aka samu? Mutum yayi sama da shekara 5 a tsare kotu tace ba a tabbatar da komai a kansa ba, iyalan sojan da aka kashe basu ga an hukunta kowa ba, iyalan mutum 347 ɗin suma basu ga soja ko ɗaya a gaban alƙali ba. Laifi tudu ne dai, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Sai ga Uromi a Maris ɗin 2025. Mafarauta 16 suna dawowa daga Fatakwal zasu Kano yin sallah, 'yan sintiri suka tare motar a jihar Edo suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya rufe su da duka aka cinna musu wuta. A wannan ranar duk Arewa baki ɗaya muka koma lauyoyi, me yasa ba a kai su caji ofis ba, wa ya bincika, ina hujja, ai ko ɓarawo ne yana da haƙƙi. Duk gaskiya ne. Sai dai mutanen da suka tara tayoyin nan suma a ransu sun tabbata masu laifi suka kama, garinsu ya sha fama da garkuwa da mutane, sun ga bindiga da idonsu, wani yayi ihu, shikenan. Irin tabbacin da muke ji kenan in mun kalli bidiyon minti biyu a waya.

Wata Gwaggona da bata da Facebook amma rediyo baya barin kunnenta ta taɓa ce min, "Kai ɗan nan, bokon nan ne yake ruɗa ku, a Musulunci wanda ya kashe kashe shi ake." Nace haka ne Gwaggo, amma bayan wa ya tabbatar? Domin wannan maganar ta cewa jiran hujja al'adar Turawa ce ita tafi bani mamaki a bakin ɗalibai. Hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace cewa yayi hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ma'izu da ƙafarsa yazo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa na aikata a tsarkake ni, ba wanda ya kama shi ba wanda ya mare shi, amma aka yi ta juya masa baya, aka tambayi mutanensa ko yana da taɓin hankali, aka duba ko ya sha wani abu. Wannan fa mutum ne da ya kawo kansa. Mu kuwa mutum ya kwana uku a bayan kanta ya fito da kumburarren ido yana cewa eh nine, sai muce ai magana ta ƙare. 'Yan uwan Annabi Yusuf da kuka suka zo wajen mahaifinsu da daddare, ga riga ga jini. Kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida bata bar mana wajen ɓuya ba, cewa tayi kar ƙin wasu mutane yasa ku ƙi yin adalci.

Ita ma dokar ƙasa haka tace akan iƙirari, dokar shaida ta 2011 bata yarda kotu ta karɓi sitatimen ɗin da aka samu ta hanyar azabtarwa ba, kuma tun 2017 akwai dokar da ta mayar da azabtarwar kanta laifi. Shi yasa zaka ga ana tsaka da shari'a an tsaya an buɗe wata ƙaramar shari'a a ciki don kawai a gano ko da son ransa yayi maganar. In ɗan sanda ya dogara da duka bai je ya nemo wuƙar ba, bai nemo bayanan kiran waya ba, bai kai gawa an duba ba, ranar da sitatimen ɗin ya faɗi komai ya faɗi, mai laifi na gaske ya fita yana dariya mu kuma mu hau zagin alƙali ya ci kuɗi.

Duk da haka bazan yi kamar ban san inda fushin mutane ya samo asali ba. Mutane basu yarda da kotu ba saboda sun ga abinda suka gani. Maryam Sanda an yanke mata kisa a Janairun 2020 akan kashe mijinta Bilyaminu Bello a Abuja, ta samu manyan lauyoyi, sai gashi a Oktoban 2025 sunanta ya fito cikin jerin waɗanda shugaban ƙasa Tinubu yayi wa afuwa, sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan aka gyara aka ce ɗaurin shekara 12 ne. Talaka in yaga wannan yace shari'a ta masu gata ce, da wane baki zaka musa masa? Ga kuma gwamnoni da basa son sa hannu, sama da mutum 3,000 ne suke zaune a gidajen yari da hukuncin kisa a kansu, rabon da a rataye wani a ƙasar nan tun Disamban 2016 a Edo. Shi kansa Ganduje har ya sauka a 2023 bai sa hannun da yayi alƙawari ba, kuma daman doka bata bashi damar yi ba matuƙar akwai sauran ɗaukaka ƙara. Toh uwar da aka kashe wa ɗa tana kallon duk wannan, in tace gara a kashe shi tun a wajen ni bazan iya ɗaga mata murya ba.

Sai dai wanda wannan lalacewar tafi ci ba shine wanda ake nunawa a talabijin ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. Wani maƙwabcina lauya ya warware min yadda abun yake tafiya. 'Yan sanda sun kama mutum da zargin fashi ko kisa, doka tace cikin kwana ɗaya ko biyu a kai shi kotu, sai su kai shi kotun majistare wadda sun san bata da hurumin sauraron irin wannan laifin, majistare yace a kai shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati daga ma'aikatar shari'a, shikenan fa, fayil ya tafi ko bai tafi ba, ɗan sandan da yayi binciken an masa canjin wajen aiki zuwa wata jihar, shaidu sun gaji da kuɗin mota sun daina zuwa, ranar zaman ma wani lokacin ace ba man da za a zuba a motar da zata kawo fursunoni. Yace min "Malam, akwai wanda in da tun farko an same shi da laifin ma da tuni ya gama zamansa ya koma gida." A cikin mutanen nan akwai mai laifi na gaske da har yau masu gawa suna jiran ganin hukuncinsa, akwai kuma ɗan acaɓan da aka kwasa a samame kawai don yana wajen. Duk suna ɗaki ɗaya a gidan yarin da ke kan Independence Way.

Kuma abun haushin dokar gyara wannan tana nan a rubuce. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 tace irin wannan tsarewar ta jiran shawara kwana 14 ne a karon farko, tace in an fara shari'a a riƙa zama kullum, in ya zama dole a ɗage kowane ɓangare kar ya wuce sau 5, tace majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ake tsare dasu, ta kuma yi tanadin a ɗauki sitatimen a gaban lauya har ma da bidiyo. Kaduna tayi tata irin dokar a 2017. Duk wannan kuɗi yake ci, ƙarin alƙalai, ƙarin lauyoyin gwamnati, ɗakin gwaje-gwaje, kyamara a ɗakin tambayoyi, man mota. Kasafin jihar da za a yi wani ɓangare na wannan dashi kuwa a Lugard Hall, wato majalisar dokokin jihar Kaduna, ake amincewa dashi duk ƙarshen shekara, kuma ɗan majalisar unguwarku shima yana Facebook ɗin nan da muke kwana a kai.